Harry Stine, injiniyan da ya raba rokar yara da bam

A ranar 4 ga Oktoba, 1957, Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko da ya kewaya duniya. 'Yan jaridar Amurka suka bazama neman wanda zai fassara wa jama'a abin da ya faru. Cikin waɗanda wakilin kamfanin dillancin labarai na United Press ya samu har da wani injiniya ɗan shekara 29, mai aiki a kamfanin Martin da ke Denver, inda ake ƙera makami mai linzami na Titan. Injiniyan bai yi nuƙu-nuƙu ba. Ya bayyana cewa rokar da ta iya ɗaga tauraro zuwa sararin samaniya za ta iya ɗauko bam daga Rasha ta sauke shi a kan biranen Amurka. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ba ta yi wa shugabannin kamfanin daɗi ba, domin da kwangilar gwamnati suke ci. Ba a ɗauki lokaci ba suka sallame shi.

Sunansa George Harry Stine. Ya rubuta littattafai masu yawa, na kimiyya da na ƙagaggun labarai, amma abin da ya hana sunansa ɓacewa shi ne wata 'yar roka ta kwali wadda tsawonta bai fi kamu ɗaya ba, da shafi guda na ƙa'idojin da ya tsara domin harba ta. Ya yi wannan aiki ne a lokacin da yaran Amurka ke rasa yatsu da idanu wajen kwaikwayon manyan rokoki, hukumomi kuma ba su da wata amsa sai haramci.

Makarantar White Sands

An haife shi ranar 26 ga Maris, 1928, a Filadelfiya, ya tashi a garin Colorado Springs. Ya kammala digirinsa na fiziks a Kwalejin Colorado a 1952. A wannan gari ne ya saba da Robert Heinlein, shahararren marubucin ƙagaggun labaran kimiyya, wanda ya ƙarfafa masa gwiwar rubutu, har daga baya Stine ya riƙa fitar da nasa labaran da sunan aro, Lee Correy. Da ya ajiye alƙalamin jarrabawa sai ya nufi White Sands, filin gwajin makamai na sojan Amurka a hamadar jihar New Mexico.

A wannan fili ne aka riƙa gwada rokokin V-2 da Amurka ta kwaso daga Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma wurin ya riga ya koyi darasi mai ɗaci kafin zuwan Stine. Ranar 29 ga Mayu, 1947, wata roka da aka gyara daga V-2 ta bijire wa hanyar da aka shata mata. Maimakon ta yi arewa cikin hamada, sai ta yi kudu, ta tsallake birnin El Paso, ta ƙetare iyaka, ta faɗa kusa da wata maƙabarta a gefen birnin Juárez na ƙasar Meziko. Ba a rasa rai ba, sai dai ta bar ƙaton rami, ta kuma bar wa Washington aikin ba da haƙuri. Daga nan aka tsaurara sha'anin kiyaye haɗari a filin, aka ƙarfafa ikon jami'in da zai iya hana harbi, ko ya katse tafiyar roka tana tsakiyar sama, ko da kuwa an kashe mata miliyoyin daloli.

Cikin wannan tsari Stine ya yi shekara biyar, kuma daga 1955 zuwa 1957 shi ne ke shugabantar sashen gudanar da filin harbi a cibiyar gwaji ta sojan ruwa da ke wurin, inda ake harba rokokin bincike irin su Aerobee. Injiniyan da ya ƙera roka yana tambayar ko za ta tashi. Jami'in kiyaye haɗari kuwa tambayarsa dabam ce: idan komai ya lalace, a ina za ta faɗo, kuma wa ke tsaye a wurin? Da wannan tambaya ta biyu Stine ya bar White Sands, ita ce kuma ya bi da ita har ƙarshen rayuwarsa.

Wasiƙar mai sayar da takalma

Tun kafin Sputnik zazzaɓin roka ya kama samarin Amurka, bayansa kuma abin ya zama annoba. Yaro zai samo bututun ƙarfe, ya kulle kansa a ɗakin ƙarƙashin gida ko garejin mota, ya dama sinadarai ko ya karkare kawunan ashana, ya ɗura, ya danna da sanda. A zatonsa roka yake haɗawa, alhali bam ne a hannunsa. Sau da yawa ba a ma kai ga fili, wajen ɗurawar abin yake tashi. Ba yara kaɗai abin ya ci ba: a garin Floydada na jihar Texas wani malamin kimiyya ya rasu, ɗalibansa da dama suka jikkata, a lokacin da yake nuna musu rokar da aka haɗa a makaranta. Ƙungiyar injiniyoyin roka ta Amurka ta yi ƙiyasin cewa duk wanda ya shekara yana irin wannan wasa, cikin bakwai ɗaya zai mutu ko ya ji mummunan rauni, don haka ta tsaya a kan cewa a raba yara da roka baki ɗaya.

Stine ya rubuta wata maƙala a mujallar Mechanix Illustrated ta watan Fabrairun 1957, yana bayanin matakan da ƙwararru ke bi a White Sands domin kare rayukansu. Cikin waɗanda suka karanta ta akwai Orville Carlisle, mai kantin takalma a garin Norfolk na jihar Nebraska, wanda wasan wuta ne abin sha'awarsa, yana kuma da lasisin yin sa. Carlisle ya rubuto wa Stine cewa tun 1954 ya warware matsalar, lokacin da yake haɗa wa ɗan'uwansa Robert, mai sha'awar ƙananan jiragen wasa, wata 'yar roka. Ya biyo bayan wasiƙar da kwalin samfura. Stine ya fita da su fili, ya harba. Roka ta tashi, ta buɗe laima, ta sauko lafiya. Ya zare injin da ya ƙone, ya zura sabo, ya sake harbawa.

Dabarar Carlisle a cikin injin take. Ɗan bututu ne na takarda da aka naɗe da kauri, wanda daga baya aka daidaita girmansa a kan faɗin milimita 18 da tsawon milimita 70, kwatankwacin ɗan yatsa. A gindinsa akwai toshiyar yumɓu mai 'yar ƙofa da hayaƙi ke fita. Sama da ita akwai albarushin da aka danne har ya zama dunƙule, shi ke tura roka. Sai wani sashe mai ci a hankali, wanda ke ba roka 'yan daƙiƙoƙi ta ƙarasa hawa da saurin da ta samu, sannan ɗan ƙaramin caji da ke tunkuɗo hancin roka ya saki laima. Idan irin wannan inji ya gaza, takarda ce za ta tsage, ko yumɓu ya fice. Babu tsinin ƙarfen da zai tarwatse ya shiga jikin mutum. Abin da Stine ya gani nan take, wanda manyan injiniyoyi ba su gani ba, shi ne cewa haɗarin duka a wuri ɗaya ya taru, wato wajen dama sinadari. Idan aka ɗauke wannan aiki daga hannun yaro aka miƙa wa masana'anta mai lasisi, duk abin da ya rage, zane da yanka da liƙi da lissafi, ilimi ne tsantsa.

Korarsa daga Martin ta zo a kan gaɓa. Kafin ƙarshen 1957 ya kafa kamfanin Model Missiles a Denver, na farko a duniya da ya sayar da irin waɗannan rokoki, ya kuma kafa ƙungiyar da a 1958 ta koma ana kiran ta NAR, ƙungiyar masu sha'awar roka ta ƙasa. Lambar zama ɗan ƙungiya ta ɗaya Carlisle ya ba, shi ya ɗauki ta biyu.

Ƙarfin da ake so da wanda ba a so

Nan ne tunanin Stine ya saɓa wa abin da hankali ke fara kawowa. Duk wanda aka ce ya ƙera abin da zai yi gudun kilomita 300 a sa'a, ƙarfe zai nema. Stine ya haramta ƙarfe a hanci da gangar jiki da fukafukan roka. Kwali ya yarda da shi, da roba mai karyewa, da katakon balsa, wanda rashin nauyinsa ya yi kama da na totuwar karan dawa da yaran Arewa ke haɗa motar wasa da ita. Dalilinsa daga White Sands ya zo da shi. Wata rana laima za ta ƙi buɗewa, wannan ba makawa, roka ta juyo da ka tana gangarowa. A ranar, bututun kwali zai lanƙwashe ya shanye bugun, na ƙarfe kuwa mashi ne. Saboda haka ana son roka mai ƙarfin da za ta jure tashi, mai raunin da za ta murƙushe idan ta daki wani abu. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu ake auna gwanintar maƙeri, kuma wanda ya cika ƙarfafa rokarsa da gam mai nauyi da katako mai tauri ya yi kuskure daidai da wanda ya yi sakaci da liƙi.

Jure tashin ma ba ƙaramin abu ba ne. Roka mai nauyin 'yan giram talatin ko arba'in tana iya kaiwa tsayin mita 300 da ƙaramin inji. Bugun iska ba ya ƙaruwa daidai da gudu: idan gudu ya ninka sau biyu, bugun sau huɗu yake ninkawa. Injinan kuma an jera su da haruffa, A, B, C, D, kowane harafi yana da ninkin jimillar ƙarfin na bayansa. Rubutun C6-5 a jikin inji yana nufin ajin C, matsakaicin turi na Newton kusan 6, da jinkirin daƙiƙa 5 kafin laima ta fito. Ke nan fiffiken da ya tsaya lafiya da injin A yana iya fizgewa da injin C, roka kuma da ta rasa fiffike ɗaya ba ta da alƙibla. Haka nan zaɓen jinkiri: idan ya yi gajere, laima za ta fito roka tana tsananin gudu, igiya ta tsinke ko bututu ya yage, idan ya yi tsawo, sai roka ta kusa ƙasa kafin laimar ta motsa.

Daga nan aka samo binciken da ake yi wa kowace roka kafin a bar ta ta hau sandar harbi, kuma babu wata na'ura mai tsada a cikinsa. Jami'in fili zai kama kowane fiffike ya ɗan girgiza, ya ji ko yana motsi. Zai duba ko an shafa gam a kusurwar da fiffike ya haɗu da jiki, domin a nan ake samun tsagewa. Zai kalli zaren katakon, domin balsa tana da tsiri kamar rake: idan tsirin ya bi gefen gaba na fiffike, ya yi ƙarfi, idan ya kwanta daidai da jikin roka, iska za ta ɓalle shi a kan layin. Zai tura inji da yatsa ya tabbatar akwai abin da ya tokare shi kada ya ratsa cikin roka ya fita ta sama, ya kuma ja shi ya tabbatar ba zai fice ta baya ba lokacin da cajin laima ya tashi. Hanci kada ya yi sako-sako har ya faɗi da kansa, kada kuma ya matse har caji ya kasa tunkuɗo shi. Sai igiyar da ta haɗa hanci da jiki, da 'yar takarda marar cin wuta da ke kare laima daga narkewa. Idan jami'in ya ce a'a, magana ta ƙare, ko da mai rokar ya girme shi, ko shi ne shugaban ƙungiya. Wannan iko na White Sands ne Stine ya ɗauko ya danƙa wa malamin makaranta a filin ƙwallo.

Akwai abin da ido ba ya gani, wato daidaiton roka a cikin iska, kuma shi ya fi kawo haɗari. Maharban ƙasar Hausa sun san asalin maganar tun da daɗewa. Kibiyarsu ta kyauro sau da yawa ba ta da gashin tsuntsu a gindi, amma tana tafiya da kai a gaba domin ƙarfen bakinta ya ja nauyi zuwa can. Kowace roka tana da matattarar nauyi, inda za ta tsaya daidai a kan yatsa, tana kuma da matattarar bugun iska, wadda fukafukai ke ja zuwa baya. Dole ta nauyi ta kasance a gaban ta iska, da tazarar da ta kai aƙalla faɗin bututun. Idan suka sauya wuri, roka za ta bar sanda ta yi ta wuntsila a tsayin kawunan mutane da wuta a gindinta. Gwajin da Stine ya yaɗa a littafinsa yaron firamare ma zai iya yi: a sa inji da laima kamar za a harba, a ɗaura igiya a matattarar nauyi, a wulwula roka a kewaye da kai. Idan ta juya hanci gaba ta tsaya a haka, ta ci. Idan ta yi ta karkata ko ta tafi da gindi, sai a ƙara wa hanci nauyi ko a faɗaɗa fukafukai. A 1966, James Barrowman, injiniya a hukumar NASA, da matarsa Judith, suka gabatar a gasar NAR da lissafin da ke gano matattarar iska a kan takarda tun kafin a yanka kwali. Manhajojin kwamfuta da masu wannan sha'awa ke amfani da su a yau a kan wannan lissafi suka ginu.

Shekarun bin ofisoshi

A harkar kasuwa Stine bai yi nasara ba. Carlisle da hannu yake ɗura injina, ba zai iya biyan buƙata ba. Wani matashi ɗan gidan masu sayar da kayan wasan wuta a Denver, Vernon Estes, shi ya ƙera wata na'ura da ya raɗa wa suna Mabel, mai fitar da inji ɗaya duk daƙiƙa biyar da rabi. Kamfanin Stine ya durƙushe cikin 'yan shekaru, na Estes kuma, wanda ya koma garin Penrose a 1961 yana aika kaya ta gidan waya, ya mamaye kasuwa. Carlisle bai yi arziki da ƙirƙirarsa ba. Ya rasu a 1988.

Abin da ya rage a hannun Stine shi ne ƙungiya da ƙa'ida, kuma a nan ya yi aikin da ya fi wahala, wanda ba a cika yabon mai yin sa ba. A idon shugabannin 'yan kwana-kwana na jihohi, duk abin da ke da albarushi wasan wuta ne, wasan wuta kuma haramun ne a wurare da yawa. Ba a ga laifinsu ba, su ke zuwa ɗaukar yaran da suka jikkata. Stine bai tsaya yi musu wa'azin ci gaban kimiyya ba. Ya kawo musu ma'anar da za a iya aunawa da sikeli. A ƙa'idar farko, rokar wasa ita ce wadda nauyinta bai wuce giram 453 ba, makamashinta bai wuce giram 113 ba. Daga baya aka ɗaga zuwa giram 1,500 da 125. Ba a kunna ta da ashana ko lagwani, sai da batir da doguwar waya, da makullin da ake zarewa, mutane suna nesa da kimanin mita 5 ga ƙananan injina, mita 9 ga manya. Idan an danna ba ta tashi ba, a zare makulli a jira daƙiƙa 60 kafin kowa ya matsa. Ba a karkatar da sanda fiye da digiri 30 daga tsaye, ba a harbi idan iska ta wuce kilomita 32 a sa'a, ba a saitin wani abu, ba a harbi cikin gajimare ko kusa da jirgin sama, ba a ɗora wa roka abin fashewa. Jami'in da bai taɓa karanta fiziks ba zai iya riƙe wannan takarda ya yanke hukunci a fili.

Sannu a hankali hukumomi suka karɓa. Hukumar zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka ta ware rokar kwali da katako da roba mai karyewa daga tsauraran sharuɗɗan da ke kan sauran rokoki. Ƙungiyar kare gobara ta ƙasa, NFPA, wadda Stine ya yi shekaru da yawa a kwamitinta na kayan wasan wuta, ta fitar da kundin da ake kira NFPA 1122, jihohi suka riƙa ɗaukarsa suna mayar da shi doka. An yi gasar ƙasa ta farko a 1959 kusa da Denver. Littafinsa, Handbook of Model Rocketry, ya fito a 1965. Ya kuma kai maganar gaban FAI, hukumar wasannin sararin sama ta duniya, har aka yi gasar ƙasa da ƙasa ta farko a Dubnica ta Cekoslobakiya a 1966, da gasar duniya a Vršac ta Yugoslabiya a 1972. A tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, Amurkawa da mutanen gabashin Turai suka tsaya a fili ɗaya suna harba roka ba da nufin juna ba. Cikin gasannin da NAR ke yi akwai na ɗora ɗanyen ƙwai a roka, a harba, a dawo da shi bai fashe ba, kuma da wuya a sami alƙalin ƙira da ya fi ƙwai rashin son kai.

NAR ta ce an yi harbi sama da miliyan 500 tun 1957. Haɗarin da ya fi cin rayuka a tsawon wannan lokaci ba daga rokar yake ba, daga ƙoƙarin ciro ta ne idan ta maƙale a wayar lantarki, shi ya sa ƙa'idar ta ce a bar ta a can. Wannan bai sa abin ya zama marar haɗari ba. A 2015, a wani taron 'yan sikawut a jihar California, roka ta faɗo wa wani mutum a fuska, ya rasu.

Idan aka kawo maganar Borno

Borno ta san roka tun kafin a haifi kakan Stine. A watan Fabrairun 1823 Turawan Birtaniya uku, Dixon Denham da Hugh Clapperton da Walter Oudney, suka isa Kukawa, kuma Denham ya rubuta a littafin tafiyarsu cewa an harba rokokin da suka zo da su a gaban Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi, jama'a suka cika da mamaki da tsoro. Kusan shekara 200 bayan haka, ranar 23 ga Fabrairu, 2021, 'yan Boko Haram suka yi ruwan rokoki a kan unguwannin Maiduguri, ciki har da Gwange da Adam Kolo. Gwamna Babagana Zulum ya tabbatar da mutuwar aƙalla mutum 10, rahotanni kuma suka ce akwai yaran da abin ya rutsa da su a filin wasa. A ranar 23 ga Disamban shekarar wasu rokokin suka faɗa kusa da filin jirgin sama, gab da saukar Shugaba Muhammadu Buhari. A garin da ya ga wannan, kalmar roka ba ta wasa ba ce, kuma sojan da ya ga hayaƙi ya miƙe sama daga bayan wata makaranta ba zai tsaya tambayar ko da kwali aka yi ta ba. Stine a ƙasar da ke zaune lafiya ya yi gwagwarmayarsa. Wanda ya ce a kwafo tsarinsa a dasa a Maiduguri yadda yake bai san Maiduguri ba.

Duk da haka Nijeriya tana da hukumar sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, tana da cibiyar binciken injinan roka a Epe ta jihar Legas, ta kuma mallaki tauraronta na farko, NigeriaSat-1, a 2003, wanda rokar Rasha ta ɗauka. Injiniyoyin da za su cika waɗannan cibiyoyi daga makarantu za su fito, har da Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat. Malamin da ke son ɗalibansa su ga doka ta uku ta Newton da idonsu, da ya nemi injin albarushi, zai tarar da dokar abubuwan fashewa ta 1964 a gabansa, da hukumar NCAA mai iko da sararin sama, da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Akwai rokar da ba ta buƙatar ko ƙwayar albarushi: gorar roba, ruwa, da famfon keke. Ita ma fiffikenta yana fizgewa, ita ma tana wuntsilawa idan nauyi ya koma baya, gwajin igiya kuma yana aiki a kanta kamar yadda yake aiki a kan ta Carlisle. Ranar da takardar neman izinin irin wannan abu ta sauka a teburin wani darakta a Abuja, hanya mafi sauƙi ita ce ya rubuta an hana. Hanyar Stine ta fi cin lokaci, domin sai an zauna an rubuta giram nawa, da wane irin abu, a wane fili, a gaban wa.

Ƙarshen rayuwa

Bayan rushewar kamfaninsa ya koma jihar Connecticut yana aikin bincike a kamfanin Huyck, ya kuma taimaka wa gidan talabijin na CBS da bayanan kimiyya lokacin tafiye-tafiyen Apollo zuwa wata. A 1973 ya koma Phoenix ta jihar Arizona. Yana da rauninsa. Mutumin da ba ya yarda da fiffike sai ya girgiza shi da hannu, ya daɗe yana kare wata na'ura da ake kira Dean Drive, wadda mai ita ya yi iƙirarin tana tura kanta ba tare da ta tunkuɗa komai baya ba, abin da ya saɓa wa dokar da kowace roka ke tashi da ita. Ba a taɓa tabbatar da iƙirarin ba. Hasashensa a littafin The Third Industrial Revolution na 1975, cewa masana'antu sun kusa ƙaura zuwa sararin samaniya, shi ma ya yi gaggawa ƙwarai.

A wani wurin kuma lokaci ya gaskata shi. Yana cikin waɗanda suka matsa wa gwamnatin Amurka ta gwada rokar da za ta tashi ta dawo ta sauka a tsaye a sake amfani da ita, kamar dai 'yar rokar Carlisle da ake sauya wa inji. Samfurin farko, DC-X, ya tashi ya sauka a kan ƙafafunsa a watan Agustan 1993, a White Sands ɗin da Stine ya fara aiki. Ya ba da labarin wannan yunƙuri a littafinsa Halfway to Anywhere na 1996.

Ya rasu a Phoenix ranar 2 ga Nuwamba, 1997, yana da shekara 69. Ɗansa Bill, wanda ya kafa kamfanin rokar wasa na Quest, shi ya kammala bugu na bakwai na Handbook, ya fito a 2004. Takardunsa da tarin rokokinsa suna ajiye a gidan tarihin jiragen sama da ke Seattle.